BABI NA UKU: ZAƁEN MASAUKIN KYAUTA DA JAMA'A GA MAI LABARIN ZANE A INTANET

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani a kan yadda mai labarin zane yake zaɓen wurin da zai ajiye aikinsa a intanet ba tare da ya biya kuɗi ba, da kuma irin jama'ar da zai tarar a wurin. Za a fara da ma'anar masauki, sannan a kawo taƙaitaccen tarihinsa da rabe-rabensa. Daga nan sai a duba abubuwan da ya kamata a lura da su kafin a yanke shawara. Muhimmancin wannan batu shi ne, labarin zane aiki ne da yakan ɗauki shekaru ana yin sa shafi bayan shafi. Idan aka yi kuskuren zaɓe, mai zane yana iya wayar gari ya tarar babu aikin, babu masu karatun, ko kuma wani ya sami iko a kan abin da ya sha wahalar ƙirƙirowa.

3.1 Ma'anar Masauki

Labarin zane shi ne labarin da ake bayarwa ta hanyar jera hotunan da aka zana a cikin akwatuna, tare da rubuta maganganun taurari a kusa da bakinsu. Idan aka wallafa shi a intanet maimakon takarda, dole ne hotunan su zauna a cikin wata babbar kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana, domin duk mai son karatu ya same su a lokacin da ya ga dama. Wannan wurin ajiya shi ake nufi da masauki a wannan nazari.

Masauki iri biyu ne, wato na haya da na kyauta. A na haya, mai zane yana biyan kuɗin wuri da na adireshi, shi ne kuma mai iko da komai. A na kyauta kuwa, wani kamfani ko wasu masu sha'awa ne suke ɗaukar nauyin wurin. Abin lura a nan shi ne, kalmar kyauta ba ta nufin babu mai biya. Wutar lantarki da na'urori da ma'aikata duk suna cin kuɗi. Saboda haka masu masaukin sukan mayar da kuɗinsu ta hanyar talla, ko sayar da wasu labarai ga masu karatu, ko gudummawar da jama'a suke bayarwa.

3.2 Taƙaitaccen Tarihi

A shekarun 1990 masu zane da yawa sun riƙa ajiye aikinsu a masaukai na kowa da kowa irin su GeoCities, wanda aka kafa a Amurka a 1994. Irin waɗannan wurare ba don labarin zane aka gina su ba, don haka sai mai zane ya riƙa haɗa kowane shafi da na gabansa da hannunsa.

A shekarar 2000 aka kafa Keenspot, wanda ba ya karɓar kowa sai wanda ya gayyata. A wannan shekarar kuma aka buɗe masa reshe na kyauta mai suna Keenspace, wanda aka sauya wa suna zuwa Comic Genesis a 2005. Bayansa sai Drunk Duck ya biyo a 2002, Smack Jeeves a 2005, sannan ComicFury a 2008. Waɗannan su ne suka sauƙaƙa aikin, domin mai zane yana ɗora hoto kawai, na'ura ta jera masa shafuka bisa kwanan wata.

A ɓangaren Asiya kuwa, kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya buɗe Webtoon a 2004, ya kuma fito da shi ga sauran duniya a 2014. Tapas, wanda a da ake kira Tapastic, an kafa shi a Amurka a 2012, kafin kamfanin Kakao Entertainment na Koriya ta Kudu ya saye shi a 2021. Zuwan waɗannan biyu ya mayar da yawancin karatu daga kwamfutar tebur zuwa wayar hannu.

3.3 Rabe-raben Masaukan Kyauta

Idan aka duba tarihin da ya gabata, za a iya kasa masaukan kyauta zuwa gida uku kamar haka:

(a) Masauki mai ba da shafi na kai. A nan kowane labari yana da nasa shafi da mai zane zai ƙawata yadda yake so, ya zaɓi launi da tsari. ComicFury misali ne na wannan rukuni. Amfaninsa shi ne 'yanci, illarsa kuma ita ce mai zane ne zai fita neman masu karatu da kansa.

(b) Masauki mai kama da kasuwa. Webtoon da Tapas suna cikin wannan rukuni. Duk labarai suna cikin manhaja ɗaya, kuma siffarsu ɗaya, tamkar rumfunan kasuwa. Masu karatu suna da yawa ƙwarai, amma masu baje kolin ma suna da yawa, ga shi kuma kamfani ne yake zaɓen wanda za a sa a bakin ƙofa.

(c) Kafofin sada zumunta irin su Tumblr da Instagram da Facebook. Waɗannan suna da saurin yaɗa hoto, sai dai ba su dace da dogon labari ba. Sabon shafi yana binne tsoho, wanda ya zo daga baya kuma yakan sha wuya kafin ya gano farkon labari.

3.4 Abubuwan Lura Wajen Zaɓe

3.4.1 Ɗorewa

Abu na farko da ya kamata a tambaya shi ne, wa ya mallaki masaukin, kuma da me yake ciyar da shi? Tarihi ya nuna cewa girman kamfani ba shi ne tabbacin ɗorewa ba. Kamfanin Yahoo ya sayi GeoCities a 1999, ya kuma rufe shi a Amurka a watan Oktoba na 2009. Drunk Duck ya koma hannun Platinum Studios a 2006, sannan WOWIO a 2010, a 2013 kuma ya ɗauke na wani lokaci kafin ya dawo da sunan The Duck Webcomics.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Smack Jeeves. A watan Disamba na 2019, lokacin yana ƙarƙashin kamfanin NHN, an sauya masa fasali gaba ɗaya, aka cire damar da masu zane suke da ita ta tsara shafukansu. Da yawa daga cikinsu suka kwashe kayansu suka koma wasu wurare. A ranar 31 ga Disamba, 2020 aka rufe shi, bayan shekara 15 yana aiki. Duk wanda bai ajiye ainihin zanensa a wani wuri ba, ko bai sanar da masu karatunsa inda ya koma ba, ya yi babbar asara. Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara. Don haka wajibi ne mai zane ya riƙe kwafin kowane shafi a hannunsa, ya kuma duba ko masaukin yana ba da damar kwashe aiki gaba ɗaya idan tafiya ta kama.

3.4.2 Haƙƙin Mallaka

Kowane masauki yana da sharuɗɗan da ake amincewa da su a lokacin rajista, kuma mutane da yawa ba sa karanta su. A bisa al'ada haƙƙin mallaka yana zama a hannun mai zane, masauki kuma ya sami izinin nuna aikin. Amma sharuɗɗa suna sauyawa. Alal misali, a watan Mayu na 2017 Tapas ya ƙara wani sharaɗi da ya ce duk mai son sayar da labarinsa ga wani, sai ya fara yi wa Tapas tayi. Masu zane suka nuna rashin amincewa, wasu suka janye aikinsu, sai kamfanin ya soke sharaɗin. Wannan ya nuna cewa karanta sharuɗɗa ba aikin rana ɗaya ba ne. Haka kuma akwai dokokin abin da aka yarda a nuna. A watan Disamba na 2018 Tumblr ya hana hotunan batsa, amma na'urar da aka sa ta tantance ta riƙa kama har da zanen da ba shi da laifi.

3.4.3 Siffar Shafi

Masauki yana da tasiri a kan yadda ake zana labarin kansa. A shekarar 2000 Scott McCloud ya yi bayani a littafinsa Reinventing Comics cewa allon kwamfuta ba shi da iyaka irin ta takarda. Webtoon da Tapas sun bi tsarin jera akwatuna daga sama zuwa ƙasa, mai karatu yana ja da yatsa. Wannan ya dace da waya, amma idan aka zo buga littafi sai an sake tsara akwatunan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya zana cikakken shafi irin na littafi kuwa, rubutunsa yakan yi ƙanƙanta a waya. Ke nan tun kafin a fara zane ya kamata a san inda aka dosa, waya ko takarda.

3.4.4 Samun Kuɗi

Yawancin masu farawa ba sa samun abin kirki daga talla. A tsarin da Webtoon ya yi amfani da shi a farkon shekarun 2020, sai labari ya sami mabiya 1,000 da kallo 40,000 a wata kafin a fara raba kuɗin talla da mai shi. Hanyoyin samun kuɗin ma ba su da tabbas. Project Wonderful, wanda Ryan North na Kanada ya kafa a 2006, ya daɗe yana haɗa masu zane da masu talla, amma an rufe shi a 2018. Wannan ya sa da yawa suka koma ga tallafin masu karatu kai tsaye ta irin su Patreon, wanda aka kafa a 2013. Duk da haka akwai waɗanda suka dace. Rachel Smythe ta Niyu Zilan ta fara Lore Olympus a sashen kyauta na Webtoon a 2017, kamfanin ya ɗauke ta a 2018, labarin kuma ya ci kyautar Eisner a 2022. Sai dai irin wannan dace ba kowa yake samu ba, bai kamata a gina lissafi a kansa ba.

3.4.5 Harshe

Webtoon yana da sassa na harsuna irin su Ingilishi da Faransanci da Sifaniyanci da Indunusiyanci, amma babu sashen Hausa. Saboda haka mai zane da Hausa ba zai dogara ga kasuwar ta kawo masa masu karatu ba, shi ne zai kai musu adireshin. Har ila yau akwai batun haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. Maganganun cikin akwati ɓangare ne na hoto, don haka suna bin salon haruffan da mai zane ya zaɓa, kuma ba kowane salo yake da waɗannan haruffa ba. Sunan labari da bayaninsa kuwa suna bin tsarin masauki, don haka ya kamata a gwada su tun da wuri. Bugu da ƙari, hotuna masu nauyi suna cin data, abin da kan hana mai ƙaramin ƙarfi ci gaba da karatu.

3.5 Matsayin Jama'a

Jama'ar masauki kashi biyu ce, wato masu karatu da 'yan'uwa masu zane. A manyan kasuwanni masu karatu sun fi yawa, amma sau da yawa mabiyan manhajar ne ba na mai zane ba. Idan ya tashi, kaɗan ne za su bi shi. A ƙananan masaukai kuwa, kaso mai yawa na masu karatu su ma masu zane ne. Sukan yi wa juna gyara, su tallata aikin juna, wani ma ya zana wa ɗan'uwansa shafi idan rashin lafiya ko jarrabawa ta hana shi aiki. Jama'ar The Duck Webcomics sun daɗe suna shirya wa junansu gasar shekara-shekara. Akwai kuma ƙungiyoyi irin su SpiderForest, wadda aka kafa a 2004, da sai an nemi shiga an tantance mutum.

Amfanin wannan zumunci a bayyane yake. Babban abin da yake kashe labarin zane shi ne gajiya da rashin jin ɗuriyar kowa, musamman a shekarar farko. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya kamata mai zane ya zauna ya karanta ayyukan da ke masauki na ɗan lokaci, ya ga irin labaran da suke karɓuwa da yadda ake karɓar baƙo, kafin ya sauke kayansa.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa babu masauki ɗaya da ya fi sauran ta kowace fuska. Mai neman yawan masu karatu a waya zai fi karkata ga Webtoon ko Tapas, mai son iko da shafinsa da kusanci da abokan sana'a kuma ya nufi irin su ComicFury. Mafi yawan masaukan kyauta ba sa hana a ɗora aiki a wani wuri, don haka ana iya riƙe ɗaya a matsayin gida, sauran su zama rumfunan talla. An kuma ga cewa rufe GeoCities da Smack Jeeves da sauyin sharuɗɗan Tapas sun isa darasi a kan ajiye kwafi da karanta sharuɗɗa. A babi na gaba za a duba yadda ake tsara akwatuna da maganganun taurari a cikin shafi.