Ina Kundin Bincikenka Zai Kwana Idan Kwamfuta Ta Mutu?

Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da ke zirga-zirga daga Kurfi da kwamfuta a jaka, kundin bincikensa na shekarar ƙarshe yana tafe ne tsakanin ƙura, zafi da ɓarawo. Filashi ba mafita ba ne, domin yakan ɓace tare da jakar. Abin nema shi ne ma'ajiyar intanet mai kwafe aiki da kanta.

Google Drive na bayar da gigabait 15 kyauta, amma tare da Gmail da hotuna ake cin wannan rabo. OneDrive gigabait 5 ne, Dropbox kuwa 2 kacal. Ga mai rubutu zalla, a ganina na farkon ya wadatar. Sai dai a yi hattara: waɗannan madubi ne, abin da ka goge a kwamfuta zai gogu a can, kuma kwana 30 kawai kwandon sharar Google ke riƙe shi. Backblaze yana kwafe kusan duk fayilolinka, amma da dala ake biya, ga kwafin farko mai lashe data.

Akwai kuma abin da mazauna Legas ba sa lissafawa. A Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Kurfi da Dutsin-Ma. Wanda aikinsa ke intanet kaɗai, sai ya yi tattaki kafin ya gan shi. Don haka a zaɓi manhajar da ke barin kwafi a kwamfutar, a kuma ajiye wani a faifan waje a gida.