Filin Da Gwamnati Ta Ƙwace A Takarda, Ta Manta Shi A Ƙasa

A watan Fabrairun 1976, lokacin da Indiya ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci ta Firayim Minista Indira Gandhi, majalisar ƙasar ta kafa dokar ƙayyade filayen birni. Manufarta mai kyau ce: kada attajirai su yi ta tara fegi suna jiran ya yi tsada, alhali talakawa na kwana a bakin titi. A manyan birane irin su Delhi da Bombay, murabba'in mita 500 na filin da ba a gina ba aka yarje wa mutum. A ƙananan birane, har zuwa 2,000. Duk abin da ya haura haka rara ne, gwamnati za ta karɓe a kan diyyar da galibi ba ta wuce rufi 10 a kowane murabba'in mita ba.

Wani mai fili a yankin Varanasi, birnin da ke bakin kogin Ganges a jihar Uttar Pradesh, ya bi doka sau da ƙafa. A watan Satumban 1976 ya kai wa hukuma lissafin duk filin da ya mallaka. A 1981 aka yanke cewa sama da murabba'in mita 52,000 na filinsa rara ne, wato fiye da hekta biyar. Shi kuwa daga baya ya shaida wa kotu cewa ba a taɓa kai masa sammacin da zai ba shi damar kare kansa ba.

Daga nan sai shiru. Ba ma'aikacin da ya zo ya karɓi filin. Damina ta zo ta wuce, rani ya zo ya wuce, fili na hannun mai shi. Sai a 1997 jaridar gwamnati ta buga sanarwar cewa filin ya zama na jiha tun daga 1982.

Ana haka, gwamnatin Atal Bihari Vajpayee ta soke dokar a 1999, bayan an ga cewa cikin hekta kusan 220,000 da aka ƙiyasta rara ne a faɗin ƙasar, abin da ya shiga hannun hukuma bai kai 20,000 ba. Uttar Pradesh ta amince da sokewar ranar 18 ga Maris. Dokar sokewar ta ce filin da gwamnati ta riga ta karɓa ya zama nata, wanda ba ta karɓa ba kuwa magana ta mutu. Sai ga shi a watan Yuni, wata uku bayan dokar ta kwanta dama, hukuma ta aika wa mutumin nan takarda: ya miƙa fili cikin kwana 30.

Ya garzaya gaban alƙalin gundumar Varanasi, ya yi nasara. Gwamnati ta kai ƙara Babbar Kotun Allahabad, ta sha kaye. Ta wuce Kotun Ƙoli, tana cewa tun da an buga sanarwa, fili ya riga ya shiga hannunta.

Ranar 11 ga Maris 2013, Mai Shari'a K.S. Radhakrishnan da Mai Shari'a Dipak Misra suka raba gardama. Mallakar takarda daban, riƙe fili daban. Dole gwamnati ta nuna cewa mai fili ya miƙa don kansa, ko an ba shi wa'adi ya miƙa, ko an fitar da shi da ƙarfin doka kafin sokewa. Ba ta iya nuna ko ɗaya ba. Bayan shekara 36 da watanni, fili ya tabbata na mai shi, hukuncin kuma ya zama madogara ga masu irin wannan ƙara a jihohi da dama.

Ina taya mutumin nan murna, domin ba daidai ba ne a rataye wa bawan Allah takobi a wuya rabin rayuwarsa. Amma zuciyata na wajen waɗanda ba su taɓa shiga kotun ba: masu tura keken haya, masu wanki a bakin kogi, iyalan da ke cunkushe a ɗaki guda. Da sunansu aka yi dokar. Hekta biyar za ta ɗauki gidajen ɗaruruwansu. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.