Lefen guba: yadda ƙwarin damina ke kare ƙwansu a Kudancin Kaduna

Idan damina ta yi nisa a Kafanchan, Kagoro da Zonkwa, wake ya fara fure, sai hangara ta sauka a gonaki. Ƙwaro ne mai cin furen wake da na gero, kuma duk wanda ya murƙushe shi a jikinsa zai wayi gari da bororo kamar ƙunar ruwan zafi. Abin da ke jawo haka shi ne ruwan da ke tsatsowa daga gaɓoɓin ƙafafunsa, ɗauke da gubar kantaridin, wadda masanin sinadarai ɗan Faransa, Pierre Robiquet, ya fara tacewa a 1810.

Binciken masana ya nuna cewa a wannan dangi, namiji ne ke haɗa gubar bayan ya balaga. Macen tana samun rabonta ne daga gare shi lokacin barbara, sannan ta shafe ƙwanta da ita don kada tururuwa da sauran maƙiya su cinye. Lefen da yake kai mata ke nan, kuma 'ya'yansu ne ke cin moriyarsa.

Ga siririn ƙwaron nan mai ratsin baƙi da ja, wanda masana ke kira Paederus, lamarin akasin haka ne. Shi ne wanda hasken lantarki ke jawowa cikin ɗakuna da dare, a ƙauye da birni. Mace ce ke ɗauke da mafi yawan gubarsa, wato pederin, kuma a 2002 masani Jörn Piel ya nuna cewa ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a jikinta ne ke haɗa ta. Namiji ba shi da komai sai ɗan abin da ya gada tun yana cikin ƙwai. Gubar tana kare tsutsotsinsu daga gizo-gizo.

Manomi a gona, ko ma'aikacin da ya je ganin gida daga Abuja, ba shi da hanyar bambance mace da namiji da ido, don haka matakin kariya ɗaya ne. Idan ƙwaron ya sauka a jiki, a hure shi, kada a mare shi. Idan ya riga ya fashe, a wanke wurin nan take da ruwa da sabulu, kuma kada hannun ya taɓa ido.

Haɗiye gubar ya fi haka muni. An daɗe ana sayar da garin irin hangara a Turai a matsayin maganin ƙarfin maza, alhali yana lalata ƙoda, har ya kai ga kisa. A Amurka kuwa, dawakai na mutuwa idan suka ci harawar da ƙwaron ya maƙale a ciki.