Ko Kun Sani?

Ko kun sani Badun ba ta da teku, amma 'yan kasuwar Bodija da mutanen Sabo suna da wurin shan iska a kusa da gida? Shi ne Lambun Agodi da ke gindin tsaunin Mokola, wanda aka kafa a 1967. Ambaliyar kogin Ogunpa ta 1980 ta ɗaiɗaita shi, ya daɗe a yashe, sai a 2014 gwamnatin Abiola Ajimobi ta sake buɗe shi bayan gyara. Akwai tafki, da wurin iyo, da filin wasan yara a inuwar manyan itatuwa. Wuri ne da ya kamata maigida ya kai iyali da sallah. Mai son bakin teku kuwa, tun 2021 jirgin ƙasa ke tashi daga tashar Moniya da ke Badun zuwa Legas.