Digirin Jinya Na Wata 12 A Amurka: A Karanta Sharuɗɗa Kafin A Biya Dala

Da wuya a kwana biyu wani bai turo tallar nan a zaurukan WhatsApp na tsofaffin ɗaliban jami'a ba: wai in kana da digiri, ko na mene ne, za ka zama cikakken ma'aikacin jinya a Amurka cikin wata 12. Tallar ba ƙarya ce zalla ba, shi ya sa take saurin kama mutane. Tsarin yana nan, sunansa a taƙaice ABSN, digirin jinya na gaggawa ga wanda ya riga ya yi digiri a wani fanni. Jami'ar Saint Louis da ke jihar Missouri ce ta fara shi a 1971, yau kuma jami'o'i masu yawa suna yi, ana kammalawa tsakanin wata 11 zuwa 18. Abin da masu talla suke ɓoyewa, mu ma ba mu damu mu tambaya ba, shi ne tulin abubuwan da ake so mutum ya riga ya gama kafin a fara ƙirga masa waɗannan watanni.

Wata 'yar maƙwabcina ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ta karanta fannin sinadaran jikin halitta, ta fita da sakamako mai kyau fiye da shekara 10 da suka wuce. Wani ɗan kamasho ya ce mata masu irin digirinta ake nema ruwa a jallo. Ta biya shi ladansa, ta biya kuɗin cike fom na makarantu da dama, duk da dala, rabi daga adashen mahaifiyarta. Ba wadda ta ɗauke ta. Wasu ma ba su duba takardunta ba, sun rubuto ne kawai cewa fayil ɗinta bai cika ba. Da aka kawo mini wasiƙun, sai na ga duk dalilin da aka ƙi ta a rubuce yake ƙuru-ƙuru a shafin sharuɗɗan kowace makaranta. Ba ta karanta ba, ɗan kamashon bai karanta ba, yayanta da ya yi canjin kuɗin shi ma bai karanta ba. Mutum uku masu digiri!

Babban abin da ya kayar da ita shi ne darussan share fage. Dalilin da ya sa karatun yake gajere shi ne makaranta ta ɗauka ka zo da tushen kimiyyar a hannu, ita jinyar zalla za ta koya maka. Don haka kusan kowace tana neman shaidar ka ci darasin sassan jikin ɗan Adam da na yadda suke aiki, galibi kashi biyu, da darasin ƙananan ƙwayoyin cuta, da kemistiri, da ƙididdiga. Da yawa sukan ƙara da ilimin abinci mai gina jiki da ilimin halayyar ɗan Adam daga haihuwa zuwa tsufa. Kuma ba sunan darasin kaɗai suke dubawa ba. Suna so su ga an haɗa da aikin ɗakin gwaje-gwaje, suna so su ga makin da aka ci bai gaza abin da suka yanke ba. Yarinyar nan ba ta taɓa zama a ajin sassan jikin ɗan Adam ba, don ba ya cikin manhajar sashensu. Wanda ya karanta tattalin arziki ko shari'a ko aikin jarida ya ma fi ta nisa, sai ya shafe zango biyu ko uku yana tara waɗannan darussa kafin ya cancanci ya nema.

Sannan darussan suna tsufa. Makarantu da dama ba sa karɓar darasin kimiyya da ya wuce shekara 5 ko 7, wasu su ɗaga zuwa 10. Kemistirin da ta ci da babban maki tana aji ɗaya a jami'a, a wurinsu ya zama tsohon zance, sai ta sake. Mutum zai iya cewa an yi tsauri, ni ma ina ganin wasu makarantun sun wuce gona da iri, amma dokar gidansu ce, ba a kuma neman shawararmu a kanta. Abin da hankali zai ba ka shi ne ka zaɓi makaranta biyu ko uku, ka ɗauki takardar sakamakonka ka jera darussanka kusa da nasu ɗaya bayan ɗaya, da shekarar da ka yi kowanne. Inda ka ga shakka, ka rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai saƙon imel ka tambaya, suna amsawa, kuma ba a biyan ko kwabo. Ka tambaye su takamaimai ko suna karɓar darussan share fage da aka yi a wajen Amurka, da waɗanda aka yi ta intanet, don akwai masu cewa lallai sai a wata kwalejin can.

Akwai kuma ruɗanin ma'aunin maki. Yawancin makarantun suna neman aƙalla 3.0. Ɗan Najeriya ya ga haka ya duba nasa ya ga 3.2, sai ya hau murna. Ya manta yawancin jami'o'inmu a kan 5.0 suke aunawa, su kuma a kan 4.0. Ba kai za ka yi wa kanka lissafin juyawa ba. Akwai hukumomin da aikinsu ke nan, irin su WES da ECE, kuma irin tantancewar da ake so ita ce ta darasi-darasi, wadda take nuna kowane kwas da makinsa. Su kuma ba sa karɓar kwafin da ka ɗauko daga jakarka, sai wanda jami'arka ta aika musu kai tsaye. Duk wanda ya taɓa bin sawun takardar sakamakonsa a ofishin rijistara ya san ba aikin mako guda ba ne. 'Yar maƙwabcin nawa sai da ya rage 'yan makonni a rufe karɓar takardu ta tuna da wannan. Sauri ya haifi nawa. Wanda yake da niyyar nema a baɗi, bana zai fara bin takardarsa.

Sauran abubuwan ba sa buƙatar dogon bayani. Wasu makarantu suna sa jarrabawar shiga, TEAS ko HESI. Wasu suna neman TOEFL ko IELTS ko da da Turanci ka yi karatu. Da yawa ta shafin NursingCAS ake nema. Za a nemi wasiƙun shaida daga malamai ko shugabannin aiki, da rubutun da za ka bayyana dalilinka na barin fanninka ka koma jinya. Don Allah a daina kwafo wannan rubutu daga intanet, masu karantawa sun ga irinsa ɗari.

Inda abin ya fi ba ni tsoro shi ne abin da ke biyo baya idan an ƙi mutum. Nan ne wani zai raɗa masa cewa akwai makarantar da ba ta wannan ƙaƙale, a biya kawai a samu takarda. A watan Janairun 2023 hukumomin Amurka suka bayyana wani bincike da suka sa wa suna Operation Nightingale. Makarantu uku a kudancin jihar Florida, wato Siena College of Health da Palm Beach School of Nursing da Sacred Heart International Institute, an same su da sayar da takardun jinya na bogi fiye da 7,600, cinikin da ya haura dala miliyan 100. An gurfanar da mutum 25 a zagayen farko. Masu sayen sun riƙa biyan kusan dala 15,000 kowanne, wasunsu har suka zauna jarrabawar lasisi suka ci, suka kama aiki a asibitoci da gidajen kula da tsofaffi. Daga baya hukumomin jinya na jihohi suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Lokacin da hukumar jihar Texas ta fitar da sunayen waɗanda take tuhuma, jaridun Najeriya sun ruwaito cewa da dama 'yan asalin ƙasarmu ne. Kuɗi ya tafi, lasisi ya tafi, sauran 'yan uwansu da suka yi karatun gaskiya kuma aka bar su da kallon zargi. Ban da alhakin marasa lafiyar da aka ɗora wa hannun da bai koyi aikin ba.

Tantance makaranta kuwa ba ya cin minti 30. Kowace jiha tana da hukumar kula da aikin jinya, kuma a shafinta akwai jerin makarantun da ta amince da su, da yawa har da adadin ɗaliban kowace makaranta da suke cin jarrabawar NCLEX. Wannan jarrabawa ita ce ƙofar lasisi, digiri kaɗai ba ya ba ka damar taɓa majiyyaci. Bayan amincewar jiha, ka duba ko ɗaya daga hukumomin nan biyu, CCNE ko ACEN, ta tabbatar da ingancin shirin. A shafin hukumar za ka duba, kada ka dogara da tambarin da makaranta ta manna a tallarta. Duk wanda ya ce maka za ka gama ba tare da ka shiga asibiti aikin koyo ba, ka tashi daga wurinsa. Ɗalibin shirin gaggawa awannin aikin asibiti iri ɗaya yake yi da mai shekara 4, an dai matse su ne cikin ɗan lokaci.

Wannan matsi ne ya sa makarantun da kansu suke ba ɗalibai shawarar kada su haɗa da aiki. Saboda haka mai lissafin zai je ya riƙa aikin dare yana biyan kuɗin makaranta ya sake lissafi. Kuɗin karatu a wasu jami'o'i masu zaman kansu ya haura dala 80,000, ban da haya da abinci. Ɗalibin da ya shiga da bizar F-1 ba shi da rabo a tallafin karatu na gwamnatin tarayyar Amurka, aikin da aka yarje masa a cikin makaranta ne, awa 20 a mako lokacin zango, kuma kafin makaranta ta ba shi takardar I-20 da zai nemi bizar da ita sai ya nuna shaidar kuɗin. Ba kowane shirin ABSN ne ma yake ɗaukar masu wannan biza ba, musamman waɗanda akasarin darussansu ta intanet ake yi. Dokokin bizar kansu sun sha sauyawa ga ƙasashenmu tun 2025, don haka a duba shafin ofishin jakadancin Amurka kafin a kashe sisi.

Wanda kuma ya riga ya zama nas mai rajista a gida, wannan shiri ba nasa ba ne. Hanyarsa ita ce tantance takardunsa na jinya, galibi ta hukumar da kafin 2025 ake kira CGFNS, sannan ya nemi izinin zama NCLEX daga hukumar jihar da yake son yin aiki. Na ji ana karɓar kuɗin irin waɗannan ma da sunan za a sama musu gurbin ABSN, su sake karatun da suka riga suka yi.