Gyaran Ƙofar Gida Kafin Sallah a Minna: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Ana saura kwana biyu Sallah, in kuka bi ta Limawa ko Kwangila ko Unguwar Daji za ku ga magidanta tsaye a ƙofar gida, waya a kunne, suna neman mai fenti. Shi kuwa mai fentin ya karɓi aikin gida biyar, ya yi wa kowa alkawarin "gobe da sassafe". Ranar Sallah sai baƙo ya jingina da bango ya tashi da shaida a bayan sabuwar shaddarsa. Yawancin abin da ke ɓata kwalliyar ƙofar gida daga nan yake farawa, daga makara. Kuɗi ba su cika zama matsalar ba.

Abu na farko da za ku duba shi ne yanayin da Sallar za ta faɗo a ciki. Kowace shekara watannin Musulunci suna matsowa da kimanin kwana 11, don haka Sallar da aka yi cikin hunturu a wani zamani, wata rana cikin marka za a yi ta. A 2025 an yi ƙaramar Sallah ranar 30 ga Maris, lokacin da zafin Minna ke kan ganiyarsa, babbar kuma ta zo ranar 6 ga Yuni, damina ta riga ta sauka. Ruwan Minna ba irin na Kano ko Katsina ba ne. Yakan fara tun Afrilu ya kai Oktoba, kuma abin da ke zuba a shekara ya haura milimita 1,000. Gyaran ƙaramar Sallah a waɗannan shekaru yaƙi ne da ƙura da rana. Na babbar kuwa, da danshi da feshin ruwa ake yinsa.

Wannan ruwan na daga cikin dalilan da ba a cika ganin zanen bango irin na Zariya da Kano a nan ba, wato soron ƙasa mai zankwaye da dagi da launuka. Can ma sai an riƙa bin ginin da yaɓe da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ke sa bango da daɓe su yi ƙarfi su ƙi jiƙa. Minna kuwa gari ne da jirgin ƙasa ya raya a ƙasar Gwari, ya zama babban birnin Jihar Neja a 1976, sai ya girma da bulo da siminti da kwano. A gidaje da yawa abin da ya maye gurbin zaure shi ne get na ƙarfe da ɗan baranda, a gidan haya kuwa wani siririn lungu ne da kowa ke bi. Aikin wurin dai bai sauya ba. Nan baƙo namiji ke tsayawa ya yi sallama, nan maigida ke karɓar gaisuwa, nan yara masu yawon Sallah ke cincirindo. Nupawa suna kiran nasu katamba, kuma darajarsa a wurinsu ɗaya ce da ta zaure a wurin Bahaushe.

Batun bango shi ya fi cin lokaci. Ku dubi gindinsa, daga ƙasa zuwa kamar gwiwa. In kun ga fenti yana kumbura yana ɓarewa, ko wani farin gari kamar gishiri yana fitowa, danshi ne ke hawa daga ƙasa, kuma duk fentin da kuka shafa a kai zai biyo na baya kafin damina ta ƙare. Sai an kankare wurin, an bar shi ya bushe, an gyara hanyar ruwa yadda abin da ke zubowa daga kwano ba zai taru a gindin gini ba. Inda aka yi sabon fulasta kuma, siminti yana son makonni kafin ya karɓi fenti. Mai wannan aiki ya fara shi tun kafin a ga watan azumi, ko tun farkon Zulƙida in babbar Sallah yake hari.

Fenti mai ruwa yakan bushe cikin sa'o'i kaɗan, ana iya yi masa shafi biyu a yini ɗaya. Mai mai, wanda ake shafa wa get da ƙofa da tagogi, yana son kwana guda tsakanin shafi da shafi, warinsa kuma yakan ɗauki kwanaki. Get mai tsatsa sai an goge shi da sanfefa, an fara sa masa jan fentin nan mai hana tsatsa, sannan launin da ake so. Kada a yi shafi da tsakar rana a watan Maris, domin sama yakan bushe ya bar ciki ɗanye. Da hantsi ko bayan la'asar ya fi. Wanda aljihunsa bai kai ba, farar ƙasa tana nan, tana haska wuri, sai dai takan goge a jikin tufa. Dabarar da na fi yarda da ita ita ce ta raba bango biyu: sama mai haske, ƙasa kuma launi mai duhu, ruwan ƙasa ko ruwan toka, wanda zai ɓoye feshin laka da sawun hannun yara.

Daga bango sai wurin zama, kuma a ganina nan ne ainihin kwalliyar take. Ƙofar da aka cika da furannin roba amma dattijo ya rasa inda zai sa jiki, ba ta yi Sallah ba. A wanke dakali, a share ƙofar gida har bakin kwata, a yi yayyafi don ƙura ta kwanta. A shimfiɗa tabarma, a ɗora darduma ko buzu a inda manya za su zauna, a ware gefe guda na takalma don kada su toshe hanya. In ƙasan tayil ne mai santsi, a sa abin goge ƙafa, musamman da damina. Labule ko asabari a ƙofar da ke shiga cikin gida ado ne, kuma shi ke tsare mutuncin matan gida lokacin da ƙofar waje ke buɗe tun safe har dare.

Kayan ado kuwa, mutumin Neja ba shi da dalilin dogaro da na roba kaɗai. Bida ta shahara da maƙeran tagulla da masu aikin gilas na Masaga. Faranti ɗaya na tagulla da aka zuba goro da dabino da alewa a kai ya ishi zaure, in kuma ya dusashe, lemun tsami da toka ko jiƙaƙƙiyar tsamiya za su dawo masa da ƙyalli. Ga tukwanen matan Gwari, irin sana'ar da ta kai Ladi Kwali har hotonta ya hau takardar naira 20. Ana yin su a ƙauyuka irin su Tatiko ta wajen Paiko. Randa mai zane a kusurwar zaure, da faifai a bakinta da moɗa a kai, ta haɗa kyau da amfani, don ruwanta yakan yi sanyi ko babu wuta. A dai rufe ta, a kuma duba duk tukunyar fure da ruwa ke kwanciya a ƙarƙashinta, saboda sauro. Tabarmi da labule da fitilu ana samunsu a Kasuwar Kure, kuma kowa ya san yadda farashi ke tashi a goman ƙarshe.

Fitilu masu walƙiya da ake zagaya get da su sun fi yawa a lokacin Kirsimeti, a unguwanni irin su Tunga da Chanchaga da Maitumbi inda Musulmi da Kirista ke katanga ɗaya, yanzu kuma ana ganinsu da Sallah ma. Neja ce ke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, amma duk ɗan Minna ya san wuta na iya ɗaukewa ana tsakiyar hira. Ƙwai ɗaya mai aiki da hasken rana a saman ƙofa ya fi dogon zaren fitilu da zai mutu tare da wutar. In za a ja waya, mai gyaran wuta ya ja ta. Wayar da aka murɗa aka naɗe da leda a jikin get na ƙarfe, ga ruwan sama ga yara, hatsari ce. Haka kaskon turaren wuta: a ajiye shi a ƙasa, nesa da labule da tabarma, a ɗauke shi da zarar ƙamshi ya kama wurin.

Babbar Sallah tana da nata lissafin, wato rago. In aka ɗaure shi a ƙofar gida zai cinye shukar da aka jera, ya goga jikinsa a sabon fenti, fitsarinsa kuma ya kashe duk turaren da aka kunna. A nema masa gefe, a zuba yashi a ƙarƙashinsa, a riƙa kwashewa. Wurin yanka ma a zaɓe shi tun da wuri, a haƙa rami don jini da tumbi, kada su bi kwata su tsaya a ƙofar maƙwabci.

Masu zama a gidan haya su tuna bangon ba nasu ba ne. A nemi izinin mai gida kafin a sauya launi, a kuma yi magana da sauran 'yan haya, ko a haɗa kuɗin bokitin fenti ɗaya a yi wa lungun gaba ɗaya. In hakan bai yiwu ba, sabon labule da wankakkiyar tabarma da tsintsiya suna yin aiki mai yawa.

Sai yara. Za su zo ayari-ayari, da lalle da sababbin takalma, suna "Barka da Sallah", hannuwansu duk maiƙon nama da cincin. Duk abin da zai fashe a ɗaga shi sama da inda hannunsu ke kaiwa. A tanadi canjin goron Sallah tun kafin ranar, a ajiye buta da ruwa da ɗan sabulu a bakin ƙofa.