Aikin Tanki a Final Fantasy XIV: Tsohon Tsari da Sabo

A wasan Final Fantasy XIV na kamfanin Square Enix, mutum huɗu ne ke shiga kogo tare ta intanet: mai jinya ɗaya, masu sara biyu, sai tanki. In babban dodo za a tunkara, ayarin ya zama mutum takwas, biyu daga cikinsu tanki. Aikin tanki irin na ɗan lifidi ne. Shi ke tsayawa gaba, ya jawo fushin dodo, duka ya riƙa sauka a jikinsa maimakon jikin abokan tafiya. Wannan aiki ya sake kama ranar 2 ga Yulin 2019 da fitowar kashin wasan mai suna Shadowbringers, kuma har yau 'yan wasa na gardama: gyara aka yi, ko gyaran gangar auzinawa?

Kafin wannan rana, tanki a kan zaɓi yake kwana yake tashi. Cikin ire-iren tanki, Paladin na da tsayuwa biyu, Shield Oath ta kariya da Sword Oath ta sara. Warrior na da Defiance da Deliverance. Dark Knight, wanda ya shigo a 2015, yana da Grit, ya kunna ko ya kashe. Tsayuwar kariya tana sa ka jure duka, tana kuma riɓanya haushin da dodo ke ji a kanka, amma ba a banza ba: sai ta cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin saranka. Jerin bugun ma ya rabu. Akwai jerin tsokana, wanda ke ƙarewa da Rage of Halone ko Butcher's Block ko Power Slash, akwai kuma jerin da ke ji wa dodo ciwo na gaske. Duk daƙiƙa biyu da rabi yatsa zai danna wani abu, kuma duk bugun da ka kashe wajen tsokana, bugu ne da ka hana wa sara.

A faɗe, abin gwanin sha'awa ne. Har sauya tsayuwar ma ba ɗaya ba ce: Paladin sai ya yi asarar bugu guda kafin ya sauya, Warrior kuwa yana sauyawa a tsakanin bugu biyu ba tare da ya rasa komai ba, shi ya sa ayari da yawa ke ba shi buɗe faɗa. Fushin dodo kuma nauyi ne na kowa. Masu sara na da Diversion don rage nasu rabon, Ninja, ɗaya daga cikinsu, na iya ɗora nasa a kan tanki da Shadewalker, a 2017 kuma aka kawo Shirk, wanda tanki ke miƙa wa ɗan'uwansa kashi 25 cikin ɗari na fushin da ya tara. Ayarin da ya iya wannan rawa, kallonsa ma daɗi gare shi.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Manyan faɗace-faɗacen wasan suna da wa'adi. In lokaci ya cika dodo bai faɗi ba, sai ya share kowa da bugu ɗaya. Saboda haka gwanaye suka gano cewa riba tana ga sara. Sai su buɗe faɗa da tsayuwar kariya, su yi 'yan bugun tsokana, su tuɓe ta, ba za su sake waiwayarta ba sai dole. Wato lifidin da aka ɗinka wa tanki, gwaninta ita ce ka san yadda za ka yi yaƙi ba tare da shi ba. Sabon shiga kuwa ya rasa tudun dafawa. In ya bar tsayuwar kariya a kunne, a ce ragon tanki ne mai ja wa ayari baya. In ya kwaikwayi manya ya kashe, dodo ya juya kan mai jinya, laifin dai nasa ne. Na taɓa kasancewa wannan sabon shiga. Na kashe Grit don kada a raina ni, kafin in ankara mai jinyarmu na kwance, sauran biyun na gudu dodanni na bin su.

Shadowbringers ya datse wannan gardama da wuƙa ɗaya. Tsayuwa ta zama maɓallin jan fushi kawai: Iron Will ga Paladin, Defiance ga Warrior, Grit ga Dark Knight, Royal Guard ga sabon tanki Gunbreaker. Ka kunna, ba ta rage maka sara ko kaɗan. Ragin duka na kashi 20 cikin ɗari aka mayar da shi halittar kowane tanki, ko ya kunna ko bai kunna ba. Jerin tsokana ya tafi, ma'aunin gajiya na TP ya tafi, Diversion da Shadewalker suka bi su.

Masu kewar da suna cewa an mayar da tanki mai sara ne kawai da ya sa shuɗiyar alamar tanki. Ban yarda da su duka ba. Tunanin bai mutu ba, gida ya sake. Yanzu tambayar ita ce yaushe za ka saki kariyarka. Maɓallin kariya na Rampart na rage duka na daƙiƙa 20, sannan sai bayan daƙiƙa 90 da dannawa zai dawo. In ka ɓarnatar da shi a kan ƙananan mari, babbar gora za ta same ka tsirara. Ka dubi The Blackest Night na Dark Knight: garkuwa ce da ta kai rubu'in lafiyarsa, tana cin 3,000 daga ma'aunin tsafinsa na MP, tana ɗaukar daƙiƙa bakwai. In duka ya fasa ta, ka sami sara ɗaya kyauta. In ba ta fashe ba, ka yi asara. Wanda bai haddace lokacin da dodo ke ɗaga hannu ba, ba zai ci ribarta ba. Wannan lissafi ya fi na tsohuwar tsayuwa gaskiya, domin a nan kare kai da kyau shi ke ƙara maka sara.

Inda masu kewa suke da hujja shi ne kamanni. A Shadowbringers ɗin kansa, Delirium na Dark Knight ya fito kamar an kwafe shi daga Inner Release na Warrior: ka kunna, ka jera babban bugu ɗaya sau biyar cikin daƙiƙa goma. Da kashin Endwalker ya zo a Disambar 2021, aka ɗaure kusan kowa a kan agogo ɗaya, duk minti biyu ayari ya zuba ƙarfinsa gaba ɗaya. Paladin, mai zagayensa na daban tsakanin takobi da tsafi, bai dace da agogon ba, sai aka sake ƙera shi a Janairun 2023. A kashin Dawntrail na 2024 aka cire sara daga tsallen da Dark Knight da Gunbreaker ke yi zuwa kan dodo. Tanki huɗu, amma a yatsa ɗan Juma ne da ɗan Jummai. Wanda ya iya ɗaya, yini guda ya ishe shi ya riƙe sauran.

Sai dai wannan laifi ba na cire tarar tsayuwa ba ne, na agogon minti biyu ne da son daidaita kowa da kowa. Ana iya barin fushin dodo da sauƙinsa, a kuma ba kowane tanki nasa takun. Duk lokacin da Naoki Yoshida, jagoran wasan, ya zauna nuna sauye-sauyen da ke tafe, abin da nake zura wa ido ke nan, ba yawan walƙiyar sabon bugu ba.

In aka ce in zaɓa, sabon tsari na ɗauka, ko da kewar Butcher's Block na damuna. Kai kuma da ka bar wasan tun kafin Shadowbringers kake shirin dawowa, kada ka tsaya neman jerin tsokana, babu shi. Ka tabbata tsayuwarka a kunne take kafin ka taɓa dodon farko, sannan ka bar ta haka.